Kuɗin inshorar lafiya da ake cira a asusu: a gaya wa mai kuɗi abin da ya saya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da sauran ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili a shafin wasiƙu, ko da zan ci wuri fiye da yadda aka saba, domin maganar da ke bakina ba ta gajartuwa. Magana ce a kan kuɗin inshorar lafiya da ake cira daga asusun mutane a banki wata bayan wata, alhali mai asusun bai san wanda ke karɓa ba, bai san abin da ya saya ba, kuma ranar da ciwo ya kayar da shi bai san akwai asibitin da ya kamata ya karɓe shi ba.

Ni tsohon akawu ne. Aikin lissafin albashi na yi a wani kamfani a Bompai har na yi ritaya, shi ya sa a unguwarmu duk wanda takardar banki ta ɗaure wa kai, ƙofar gidana yake nufa bayan la'asar. A da takardun fansho da na garatuti aka fi kawo mini. Yanzu waya ake miƙo mini a ce, "Baba, duba mini wannan alat ɗin, me suka cira kuma?"

Yawancin abin da ake nuna mini cajin banki ne da aka sani. Akwai kuɗin saƙon alat, wanda ya daɗe a naira 4 kafin a mayar da shi naira 6 a 2025. Akwai naira 50 ta gwamnati a kan tiransifar da ta kai naira 10,000. Akwai naira 10 ko 25 ko 50 na tura kuɗi zuwa wani banki, gwargwadon yawan abin da aka tura, da harajin VAT na kashi 7.5 cikin ɗari a kan cajin. Duk waɗannan suna da tushe, ko a jadawalin caji da Babban Bankin Najeriya ya fitar ya fara aiki a Janairun 2020, ko a dokar haraji. Mutum yana iya jin haushinsu, nima ina ji, amma ya san daga ina suka fito. Kuɗin inshora ba ya cikin wannan sahu. Banki ba shi da hurumin ɗora maka shi don kawai ka buɗe asusu a wurinsa. Idan ka gan shi a takardarka, to a ƙa'ida akwai wani wuri da aka rubuta cewa ka yarda. Ko dai ka yarda da saninka ka manta, ko an sa ka yarda ba tare da an yi maka bayani ba, ko kuma wani ya yarda da sunanka.

Abin da ya tunzura ni na ɗauki biro shi ne abin da ya sami ƙanwar maiɗakina. Tela ce, a wajen Kurna take zaune, mijinta ya rasu ya bar ta da yara huɗu. Ta karɓi rance a wani ƙaramin banki don ta sayi keken aikin zare, ta biya bashin tsaf ba tare da ta tsallake ko wata ɗaya ba. Bayan ta gama biya sai ta lura duk ƙarshen wata kuɗinta yana raguwa da naira 2,000. Ta ɗauka ragowar bashi ce, ta yi shiru. Da abin ya ƙi ƙarewa ta zo ta same ni ta ce, "Yaya, ni dai na gama da mutanen nan, amma su ba su gama da ni ba."

Na sa ta karɓo takardar bayanin asusunta tun daga watan da ta ci bashin. Na shimfiɗa ta a kan tabarma, na ɗora rula a kan layi, ina bi da jan biro. Takardar tana da gida biyar: kwanan wata, bayani, abin da ya fita, abin da ya shiga, sai saura. A gidan bayani, ran 28 ga kowane wata, akwai layi ɗaya da ke maimaita kansa: haruffa biyu DD, sai karan tsaye, sai PREM, sai HLTH, sai dogon jerin lambobi, sai wani suna da aka datse shi a tsakiya saboda gidan ya yi masa kaɗan. Sau 14 na ja layi a ƙarƙashinsa. Naira 28,000 ke nan. Na yi shekaru ina karanta irin waɗannan takardu, na san DD na nufin umarnin cira kai tsaye, PREM kuma kuɗin inshora da ake biya lokaci bayan lokaci, HLTH na nufin lafiya. To, ina tambaya, Malam Edita: macen da karatunta na allo ne da na yaƙi da jahilci, ta yaya za ta gane wannan? Ko ɗan jami'a ma da bai taɓa aikin banki ba, sai ya tambaya.

Da muka je bankin, yarinyar da ke teburin sauraron koke ta karɓe mu da ladabi, wannan zan faɗa. Ta duba kwamfuta ta ce, "Baba, ai mandet ne da ita, Hajiya ce ta sa hannu." Wato rubutaccen izinin cira daga asusu. Na ce ta nuna mana. Ta buga mana kwafin fom ɗin rancen. A shafi na uku, can ƙasa, akwai wani ɗan akwati da aka yi wa alamar yarda, kusa da shi layi biyu na Turanci da rubutu ƙanana kamar na takardar cikin kwalin magani, suna cewa mai rance ta amince a shigar da ita tsarin inshorar lafiya na wani kamfani, a riƙa cirar kuɗin daga asusunta har sai ta rubuto ta ce a daina. Sa hannunta ne, babu musu. Amma biron da aka yi alamar akwatin da shi baƙi ne, nata sa hannun kuwa da shuɗi. Ta kalli takardar ta ce, "Yaya, wallahi yaron bankin cewa ya yi in sa hannu nan da nan da nan. Ni keke na je nema."

Abin da ya fi ƙona mini rai ba naira 28,000 ba ne. A cikin waɗannan watanni autanta ya yi zazzaɓin cizon sauro mai tsanani har aka ba shi gado, ta sayar da ɗan kunnenta ta biya kuɗin asibiti. Ita kanta tana da hawan jini, duk wata sai ta sayi magani a kemis, wani watan idan ɗinki ya yi ƙasa sai ta riƙa shan rabin ƙwaya don ya kai ta. Da na kira kamfanin inshorar, wanda da ƙyar na gano cikakken sunansa, kuma duk wanda ya ɗauki wayar Turanci kaɗai yake ji, sai aka tabbatar mini sunanta yana cikin rajistarsu, tana da lamba, har an zaɓa mata asibiti. Asibitin yana can wajen Hotoro, ita tana Kurna. Wanda ya san Kano ya san kuɗin Adaidaita Sahu nawa ne tsakani. Na ce me ya sa ba a ba ta kati ba? Aka ce an tura mata ta imel. Na koma kan fom ɗin, na ga a gurbin imel an rubuta wani adireshi da ba ta taɓa ganinsa ba. Ba ta da imel, ba ta taɓa yi ba. Ganin likita da maganin zazzaɓi da kwanciya ta 'yan kwanaki duk suna cikin abin da tsarin ya ce ya ɗauka, haka aka karanta mini ta waya. Wato tana biyan kuɗin magani ta hannun dama, tana sayar da ɗan kunne ta hannun hagu, saboda babu wanda ya buɗe baki ya ce mata, "Hajiya, ga katinki, ga asibitinki."

Banki ya ce kuɗin ba ya dawowa tunda da sa hannunta. Kamfanin ya ce zai sauya mata asibiti zuwa na kusa da ita, ya ba ta kati. Ni na ba ta shawara ta duba, domin naira 2,000 a wata ga mai hawan jini ba asara ba ce idan ana ba ta magani. Ta ce a'a. Ta ce wanda ya ɓoye mata ranar karɓa, ranar bayarwa ma zai ɓoye mata. Ta sa aka soke. Kuma ba ta yi shiru ba, ta ba matan da suke adashe tare labari, yanzu a cikinsu duk wadda ka ambaci inshorar lafiya a gabanta sai ta ce maka, "Ai mun ji yadda aka yi wa wance."

Wannan ita ce ɓarnar da nake so hukumomi su gani. Ni ba maƙiyin inshorar lafiya ba ne. 'Yata malamar firamare ce, ana cirar nata tun daga albashi, ta san asibitinta, katinta yana cikin jakarta. Da haihuwa ta zo da gardama aka ce sai an yi tiyata, ba mu sayar da komai ba, ba mu bi gida-gida muna neman gudummawa ba. Na ga amfanin abin da idona. A ƙasar da fiye da kashi 70 cikin ɗari na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya daga aljihun marar lafiya da danginsa yake fitowa kai tsaye, babu wanda ya fi talaka buƙatar tsarin da za a tara kaɗan-kaɗan tun ana lafiya. Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu: adashe ne, sai dai kwasar ba ta bin layi, tana zuwa ne ga wanda ciwo ya faɗa wa. Amma wace mace ce za ta zuba adashen da ba ta san uwar adashen ba, ba ta san ranar kwasa ba?

An daɗe ana fafutukar kafa wannan tsari. Dokar da ta kafa hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, wato NHIS, ta 1999 ce, amma sai a 2005, zamanin Shugaba Obasanjo, aka fara aiki da ita, kuma shekara da shekaru ma'aikatan gwamnatin tarayya suka fi cin moriyarta. A ƙa'idar tsarin ma'aikata, mai ba da aiki yana zuba kashi 10 cikin ɗari na gundarin albashi, ma'aikaci kashi 5, a kula da shi da abokin zamansa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba, idan an rubuta magani ya biya kashi 10 na kuɗinsa. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ware aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya don kiwon lafiya a matakin farko. Jihohi suka kafa nasu hukumomin. Ta Kano, wato KSCHMA, dokarta ta 2016 ce, Kaduna da Katsina da Jigawa duk suna da nasu. Sai a watan Mayun 2022 Shugaba Buhari ya sa hannu a sabuwar doka da ta mayar da NHIS ta koma NHIA, ta kuma wajabta inshorar lafiya a kan kowane ɗan ƙasa da mazauninta, tare da asusu na musamman don marasa galihu.

A kan wannan wajabcin ne wasu dillalai suke fakewa. Za ka ji yaro da jaka da fom yana cewa, "Ai doka ce, Alhaji, dole ne." Dokar ta ce kowa ya kasance yana cikin wani tsari. Ba ta ce banki ya zaɓa maka kamfani ba, ba ta ce a zura hannu a asusunka ba da saninka ba. Mu a Kano bai kamata a koya mana illar rashin bayani a harkar lafiya ba. Gwajin maganin sanƙarau da aka yi wa yara a 1996 ya bar tabo a zukatan mutane, kuma kowa ya tuna yadda aka dakatar da rigakafin shan inna a 2003, sai da sarakuna da malamai suka yi shekaru suna aiki kafin jama'a su sake sakin jiki. Kuma ko ta fuskar addini, Allah ya ce a Suratun Nisa'i, aya ta 29, kada mu ci dukiyar juna da ɓarna, sai dai ta ciniki bisa yardar juna. Akwatin da wani ya cike da baƙin biro ba yardar juna ba ce. Malamai sun yi ƙoƙari wajen bayyana wa mutane halascin tsarin taimakekeniya da takaful, wato inshorar Musulunci, dillali ɗaya mai neman kamasho yana rushe wannan ƙoƙari a yini guda a cikin kasuwa.

Yanzu bari in juya ga 'yan'uwana masu karatu, domin kuka kaɗai ba ya dawo da kuɗi.

Da farko kada ka dogara da alat. Saƙon waya yana datse bayani, wani lokaci ma ba ya zuwa. Ka nemi cikakkiyar takardar bayanin asusu. Ta wata-wata kyauta ce a ƙa'idar Babban Banki, idan kuma ka buƙaci a buga maka ta musamman, jadawalin ya ce kada caji ya wuce naira 20 a kowane shafi. Ka nemo ranar da cirar ta fara bayyana, sannan ka tambayi kanka: me na yi a wannan watan? Na ci bashi? Na buɗe sabon asusu ko an ce an ɗaga mini matsayinsa? Na sauke wata manhaja na sa lambar katina? Na ba ɗana ko ƙanena kati ya biya wani abu ta intanet? Mafi yawan lokuta amsar tana nan. Na ga wanda ya zo yana rantsuwa an yi masa sata, ashe ɗansa ne da ke karatu ya yi wa mahaifiyarsa rajistar inshora da katin uban, da kyakkyawar niyya, ya manta bai faɗa ba.

Sunan da za ka gani a takarda sau da yawa ba na kamfanin inshorar ba ne. Na kamfanin da ya yi dakon kuɗin ne, irin su Remita da Paystack da Flutterwave da Interswitch. Ba laifi nake ɗora musu ba, aikinsu ke nan, su karɓa su miƙa. Amma mutum yana ganin baƙon suna sai hankalinsa ya tashi. Dogon jerin lambobin nan da ke biye da sunan shi ne makaminka. Ka kwafe shi daidai, da kwanan wata da adadin kuɗi, ka kai banki ka ce a gaya maka asusun wa kuɗin ya sauka, kuma bisa wane izini.

A nan akwai bambancin da mutane da yawa ba su sani ba, kuma yana sa su wahalar banza. Cira iri biyu ce. Akwai wadda ke bi ta kati: ka taɓa sa lambar katinka a wata manhaja, ta adana, tana ja duk wata. Wannan idan ka soke a manhajar, ko ka sa aka toshe katin aka ba ka sabo, yawanci tana tsayawa. Akwai kuma wadda ke bi ta asusu kai tsaye, wato mandet, irin ta ƙanwar maiɗakina. Wannan ko kati goma ka sauya ba ta tsayawa, domin ba ruwanta da kati. Sai ka rubuta wa banki takarda ka ce ka janye izini, ka rubuta wa kamfanin ma, kuma ƙa'idar Babban Banki ta ba mai asusu ikon janyewa. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimi da kwanan wata a naka, ka adana. Maganar baka a teburin banki tana tafiya ne da wanda ya tashi aiki ƙarfe huɗu.

Ma'aikacin gwamnati kuwa ya lura da kyau. Naka kuɗin ana cire shi ne tun kafin albashi ya shigo banki, a takardar albashi ake ganinsa, ba a takardar banki ba. Idan ka ga wata cirar inshorar lafiya a takardar banki kuma, to abu na biyu ne daban, mai yiwuwa kana biya sau biyu. Haka kuma wanda ya ci bashi ya tambaya da kyau wace irin inshora aka haɗa masa. Akwai wadda aikinta kawai ta biya wa banki ragowar bashi idan mai rance ya rasu ko ya nakasa. Wannan ba ta kai ka asibiti, kuma hukumar kula da kamfanonin inshora, wato NAICOM, ce ke sa ido a kanta, ba NHIA ba. Idan bashi ya ƙare, babu dalilin da zai sa ta ci gaba.

Idan ka gano cirar ta gaskiya ce kuma sunanka yana rajista, to kafin fushi ya sa ka soke, ka nemi haƙƙinka. Ka tambayi lambarka, da asibitin da aka ɗora ka a kai, da jerin abin da aka ɗauka da wanda ba a ɗauka ba, da mutum nawa ne a ƙarƙashinka, da ko akwai lokacin jira kafin a fara duba ka. Ka duba ko kamfanin yana cikin waɗanda NHIA ta ba lasisi. Wani abu da ya kamata kowa ya sani: a tsarin gwamnati, asibitin da aka zaɓa maka ana biyansa wani ƙayyadadden kuɗi a kan kowane mutum duk wata, ka je ko ba ka je ba. Saboda haka idan ka shiga da katinka ba alfarma ake yi maka ba, an riga an biya. Kada ka yarda a mayar da kai ƙarshen layi ko a ce maka "maganin 'yan inshora ya ƙare" ka juya ka tafi shiru. Idan ciwon ya fi ƙarfin asibitin farko, sai an nemi lambar izini daga kamfani kafin a tura ka gaba, a nan ne aka fi shanya mutane. A 2025 NHIA ta ba da umarni cewa kada bayar da wannan lamba ya wuce awa ɗaya.

Idan kuwa banki ya kasa nuna maka izinin da ka bayar, wannan cira ce ba bisa ƙa'ida ba. Ka shigar da koke a rubuce, ka karɓi lambar koken. A mafi yawan koke-koke banki yana da mako biyu ya warware, wasu har wata guda. In ya wuce ba a yi komai ba, sai ka ɗaukaka zuwa sashen kare haƙƙin masu mu'amala da bankuna na Babban Banki, ka haɗa da kwafin takardarka da lambar koken. Suna so su ga cewa ka fara da bankinka, shi ya sa hatimin nan yake da muhimmanci. Abin da ya shafi asibiti ko kamfanin inshorar lafiya kuwa, ofishin NHIA na jiharka ko hukumar taimakekeniya ta jiha za ka nufa. Akwai kuma FCCPC mai kare haƙƙin masu saye.

Ina gargaɗi da babbar murya a kan abu ɗaya. Kada fushi ya sa ka hau Facebook ka watsa hoton alat ɗinka da lambar wayarka. 'Yan damfara suna zaune suna jiran irin wannan. Ba za a jima ba wani zai kira ka da murya mai daɗi, ya kira ka da cikakken sunanka, ya ce daga hedikwatar banki yake, zai mayar maka da kuɗinka yanzu-yanzu, ka karanto masa lambar da aka turo maka. Wani maƙwabcinmu mai sayar da kayan gini naira 1,500 ya bi, aka kwashe masa kuɗin siminti na mutane. Banki ba ya tambayar lambar sirrin kati, ko lambar da ake turowa ta waya, ko lambobi ukun da ke bayan kati. Duk wanda ya tambaya, kashe wayar ka taka zuwa reshe da ƙafarka.

Amma gaskiya, Malam Edita, bai dace duk nauyin ya zama a kan tela da ɗan kasuwa ba. Wanda ke karɓar kuɗi shi ne ya kamata ya yi bayani. Ina kira ga Babban Banki ya hana cusa inshora a cikin fom ɗin rance ko na buɗe asusu. A ware mata takardarta daban, shafi ɗaya, da Hausa ga mai jin Hausa, har da ajami ga wanda shi ya iya, a rubuta kuɗin da za a cira da ranar cira da yadda ake sokewa, a karanta wa wanda ba ya karatu a gaban shaida. Bankunan da ke iya turo mana tallan rance da barka da sallah da Hausa, ba za su ce ba su da wanda zai rubuta "kuɗin inshorar lafiya na wata, kamfani kaza, kira lamba kaza" a cikin alat ba. Kuma ina kira ga NHIA ta kafa sharaɗi mai sauƙi: kada a fara cirar ko kwabo sai kati ya shiga hannun mutum, kuma shi da kansa ya zaɓi asibitinsa. Kamfanin da ya karɓi kuɗin wata goma sha huɗu daga wadda bai taɓa ba kati ba, a ganina bai sayar mata da komai ba, ya kamata ya mayar. Dillali kuma a daina biyansa kamasho a kan yawan akwatunan da ya cike. A biya shi a kan yawan mutanen da suka karɓi kati suka san asibitinsu.

Gidajen rediyonmu ma suna da rawar takawa. Ana ba masu tallan maganin gargajiya da 'yan siyasa awoyi, amma da wuya ka ji an zaunar da jami'in inshora an buɗe layin waya mutane su tambaye shi kai tsaye.

Roƙona gare ka na ƙarshe, ka ware shafi ɗaya a wannan jarida, ka buga samfurin takardar bayanin asusu da aka goge suna da lamba, a ja kibiya a kan kowane gajeren rubutu da bankuna ke amfani da shi a fassara shi da Hausa, a ƙasa kuma a sa adireshin ofisoshin NHIA da na hukumomin taimakekeniya na jihohinmu da na reshen Babban Banki. Ka kuma tura wakilinka kasuwannin Kwari da Wambai da Sabon Gari ya tambayi masu cin ƙananan rance ko an ba su kwafin fom ɗin da suka sa wa hannu. Idan kuna buƙatar wanda zai taimaka wajen tsara shafin, a shirye nake, editan wasiƙu yana da lambata.

Wassalam.

Naka,
Tsohon akawun albashi,
Kano.